Tsokaci a Kan Ma'ana da Asalin Kalmar "OK" ta Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Kalmar "OK" tana cikin kalmomin Ingilishi da suka fi yaɗuwa a duniya, kuma masana sun daɗe suna taƙaddama a kan tushenta. Manufar wannan maƙala ita ce auna ra'ayoyi uku da aka gabatar dangane da haka.

2.0 Ma'anoninta

Kalmar takan zo a matsayin sifa mai nuna cewa abu ya yi daidai, ko kuma ba yabo ba fallasa. Takan zo a matsayin aikatau da ma'anar amincewa. Haka kuma ana amsa magana da ita, kwatankwacin "to" a Hausa.

3.0 Ra'ayoyin Masana

Ra'ayi na farko shi ne na Allen Walker Read na Jami'ar Kolombiya, wanda ya fito a mujallar American Speech a shekarun 1963 da 1964. Read ya gano kalmar a jaridar Boston Morning Post ta ranar 23 ga Maris, 1839, lokacin da 'yan jaridar Boston suke yayin taƙaita kalmomi tare da gurɓata rubutunsu don raha. A nan, "OK" taƙaitawa ce ta "oll korrect", wato komai daidai. A zaɓen 1840 magoya bayan Shugaba Martin Van Buren, mai laƙabin "Old Kinderhook", suka ɗauke ta, ta bazu a Amurka.

Ra'ayi na biyu ya danganta ta da "okeh" ta harshen Choctaw, mai ma'anar "haka ne". Na uku kuwa na David Dalby ne, wanda ya kawo "waaw kay" ta harshen Wolof na Senegal, bisa hasashen cewa bayi ne suka tsallaka da ita.

Ra'ayin Dalby yana da daɗin ji ga manazarcin harsunan Afirka, amma kama da wane ba ta wane. Shi da na Choctaw sun dogara ne a kan kamancin sauti da ma'ana, ba su nuna hanyar da kalmar ta bi har ta shiga rubutun 1839 ba. Read kuwa ya jero hujjoji rubutattu masu kwanan wata. Rauninsa kawai shi ne, rubutu ba ya kama duk abin da baki ya furta.

4.0 Kammalawa

Bisa hujjojin da ke hannu, ra'ayin Read ne ya fi rinjaye. Wajibi ne mai nazarin kalmomin aro a Hausa ya kiyaye wannan ma'auni kafin ya jingina wata kalma ga Larabci ko Barbarci: ya nuna lokaci da hanyar aro, kada ya tsaya ga kamancin furuci.