Mutumin da Ya Zana Mota da Lissafi

Kafin Malcolm Sayer ya taɓa aikin mota, jirgin sama ya sani. A kamfanin ƙera jiragen sama na Bristol, a Ingila, ya ƙware kan yadda iska ke bin jikin ƙarfe. Da ya koma kamfanin Jaguar a birnin Coventry, da wannan ilimi ya zo, kuma ba ya son a kira shi mai yi wa mota kwalliya.

Yadda yake aikin ne abin burgewa. Babu kwamfuta a gabansa, sai takarda da fensir da jadawalin lissafi. Kowane lanƙwasa na bodin motar, da lambobi yake fitar da shi, ɗigo bayan ɗigo, kafin maƙera su ɗauki guduma. In an gama samfuri, sai a manna masa gajerun zaren ulu, a hau titi da gudu, ana bin sa a wata mota ana kallo. Inda zaren ya kwanta luf, iska na wucewa lafiya. Inda ya shiga rawa, akwai gyara. Da wannan dabara ya siffanta motar D-Type, wadda ta lashe tseren Le Mans na Faransa a 1955 da 1956 da 1957.

Daga tsatsonta E-Type ta fito, aka nuna ta a Geneva a watan Maris na 1961. Dogon hancin nan nata ya rufe inji mai silinda shida a jere, lita 3.8, da kafireta uku. Tsakiyar bodin ƙwarya guda ce mai ɗaukar nauyin kanta, irin ta jirgi, injin kuma yana zaune kan firam na bututun ƙarfe. An ce tana kai kusan kilomita 240 a awa, alhali kuɗinta bai kai rabin na Ferrari ba.

Ba a rasa mata aibu ba, don giyarta ta farko sai direba mai haƙuri. Amma a Geneva masu son a zaga da su a cikinta sun yi yawa, har direban gwaji Norman Dewis ya kwana yana tuƙi daga Coventry don ya kai mota ta biyu washegari da safe.