Jitar Bes a Ƙungiyar Makaɗa: Larura Ce Ta Haifi Salo

Ƙungiyar makaɗan da ke cin abinci da wasa a gaban jama'a, yau gidan biki gobe otal, da abu ɗaya ake auna ta: mutane sun tashi rawa ko suna zaune? Mawaƙi ke shan liƙi, mai ƙaramar jita ke shan tafi, amma mai tayar da jama'a daga kujeru shi ne wanda ke tsaye kusa da mai ganga, rataye da jita mai dogon wuya da kaurin tsirkiya. Idan aka bi tarihin wannan jita ta bes, za a ga cewa ƙirarta da salonta, har da irin kiɗan da mai ita ke saurare, duk larurar aiki ce ta haife su.

Kafin 1951, ƙungiyoyin Amurka da wani ƙaton goge na katako suke samun amon ƙasa. Tsayinsa ya kai na mutum, ɗaukarsa wahala, kuma da zarar ƙahoni da ganguna sun ɗauka sai muryarsa ta nutse. A wannan shekarar Leo Fender ya fito da Precision Bass a Kaliforniya: jita ce da ake ratayawa a kafaɗa, a jona ta da amfilifaya, an kuma gitta mata ƙananan ƙarafa a wuya domin yatsa ya faɗa daidai inda sauti yake. Tsirkiyoyinta huɗu ne, E, A, D da G, kuma mafi kaurinsu na karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa. Irin wannan amo ƙirji da tafin ƙafa ke fara jin sa, shi ya sa yake da iko a kan mai rawa.

Aikin mai bes biyu ne a lokaci guda. Yana bin gangar da ake takawa da ƙafa, yana kuma aza sautin da mawaƙi zai ɗora muryarsa a kai. Kuskuren mai ƙaramar jita yakan wuce ba a lura ba. Na mai bes kuwa, nan take mawaƙi zai kauce, masu rawa su yi cirko-cirko, a rasa wanda za a zarga.

Manyan salon bes duk a wurin aiki aka ƙirƙiro su. Larry Graham yana matashi yana wasa tare da mahaifiyarsa ba su da mai ganga, sai ya riƙa dukan tsirkiya da babban yatsa yana fizgar wata da manuniya don cike giɓin. Wannan dabara ce ta zama tambarin kiɗan fonk bayan ya shiga Sly and the Family Stone. James Jamerson na kamfanin Motown a Detroit da yatsa ɗaya yake kiɗa, ba ya kuma son sauya tsirkiya. Aston Barrett, mai bes na Bob Marley, ya nuna cewa a kiɗan rege shirun da aka bari tsakanin sauti da sauti yana da nauyi kamar sautin kansa. A ƙungiyar Fela Kuti ta Legas kuwa, inda waƙa ɗaya ke haura minti 15, mai bes gajeren salo ɗaya yake ta nanatawa ba gaggawa ba jinkiri. Wannan haƙuri ya fi gudun yatsu wuyar koyo. Kamaru, ƙasar kiɗan makosa, ta shahara da fitar da gwanayen bes irin su Richard Bona da Etienne Mbappé, saboda a wannan kiɗa na Duwala bes ne ke jan rawa.

Haka lamarin yake wajen kayan aiki. Precision amonta kauri gare shi, tana cika ɗaki ba tare da hayaniya ba. Jazz Bass ta 1960 wuyanta siriri ne, muryarta ta fi fitowa sarai. StingRay ta kamfanin Music Man, ta 1976, da batiri a cikinta, amonta na da kaifin da ke ratsa taro. Mai tsirkiya biyar tana ƙara sauka ƙasa, don haka makaɗan coci da masu bin waƙoƙin da aka tsara da fiyano suka rungume ta. Sai dai makaɗin da ke yawon wasa ba amo kaɗai yake dubawa ba. Amfilifayar Ampeg SVT ta 1969, mai ƙarfin wat 300 da akwatin lasifika takwas, ta gagara a wajen daɗi, amma sai ƙarti biyu sun ciccibe ta. Ƙananan amfilifayoyin zamani da ke shiga jakar goyo sun fi dacewa da mai hawa babur. A ƙasashenmu akwai ƙarin lissafi: wutar janareta mai hawa da sauka, ƙurar hunturu da ke shiga maɓallai, gumin da ke kashe tsirkiya, ga tsadar sabuwa. Shi ya sa wasu ke tafasa tsohuwar tsirkiya a ruwa don ta ɗan farfaɗo. Jitar da ke riƙe saiti har a tashi, tare da wayar jonawa ta biyu a jaka, sun fi babban suna amfani.

Batun abin da makaɗi ke so kuwa, mai wasan haya ba shi da ikon zaɓe sosai. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma a dare ɗaya ana iya neman hailaif, sukus, rege da waƙar amarya. Tal National ta Yamai misali ce mai kyau. Ƙungiyar, wadda faifanta Kaani ya fita kasuwar duniya a 2013, tana waƙa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek, tana kuma shafe sa'o'i tana kiɗa a dare ɗaya. Mai bes a irin wannan ƙungiya dole kunnensa ya san takun rawar kowace al'umma, ko da a ɗakinsa jaz yake saurare.

A nan ake ganin rauni iri biyu. Na farko na matasan da suka koyi kiɗa a YouTube ne, suka haddace gwanintar masu bes irin su Jaco Pastorius da Victor Wooten, suka hau dandamali suna cika kowane gurbi da sauti har mawaƙi ya rasa wurin numfashi. Na biyu na masana'antar waƙar Hausa ne, musamman a Kano, inda fiyanon Yamaha da kwamfuta suka karɓe aikin ƙungiya gaba ɗaya. An sami sauƙin kuɗi, amma na'ura ba ta ganin masu rawa. Ba ta san lokacin da uwar biki ta shigo fili ba, balle ta ƙara nauyi ko ta sassauta.

Duk mawaƙin da ke son komawa wasa da makaɗa na gaske, to ya fara neman mai bes kafin ya sayi lasifika. Wajen gwada shi kuma kada a ce ya nuna gwaninta. A haɗa shi da mai ganga, a ba su salo ɗaya su riƙe na minti goma, a saurara ko wani zai bar ɗan'uwansa a baya.