Jinjina Ga Masu Haɗa Wayoyin Kwamfuta

A Nasarawa, maƙwabciyar Kakuri inda masaƙun Kaduna suka yi tashe, akwai samarin da suka gaji haƙurin masaƙa, sai dai zarensu na tagulla ne. Su ne masu haɗa wayoyin kwamfuta a shagunan intanet, makarantu da ofisoshi.

Ka tsaya ka kalli ɗayansu yana aiki. Zai feɗe bakin waya, siraran sili 8 su bayyana, an murɗe su biyu-biyu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowanne da abokinsa mai ratsin fari. Zai warware su, ya miƙar da su da ɗan yatsa, ya jera bisa ƙa'ida, ya zura cikin kan RJ45, ya matse. Sai na'urar gwaji ta yi hukunci: fitilu 8 su kama bi da bi. Ɗaya ta ƙi, ya yanke ya sake, ba ƙorafi. Ya kuma san waya ba ta wuce mita 100, in ba haka ba saƙo ya raunana.

Ku masu haɗa waya, ɗalibin da ya cike fom ɗin JAMB lafiya a shagon intanet bai san sunanku ba, amma guminku ya ci. Sannunku da aiki, 'yan'uwa. Allah Ya yi wa sana'arku albarka.