Chick Webb: Makaɗin da Faifai Bai Yi wa Adalci Ba

Manazarta kiɗan jaz sukan auna Chick Webb da faya-fayensa, alhali na'urorin ɗaukar sauti na shekarun 1930 sun gaza kama ƙarfin gangarsa. Wannan makaɗi, wanda tarin fuka ya lanƙwasa wa ƙashin baya tun yana yaro, ya jagoranci ƙungiyarsa a zauren rawa na Savoy da ke Harlem, a Amurka, daga 1931. A can ne jama'a suka ba shi nasara kan ƙungiyar Benny Goodman a 1937. Duk wanda ya ga makaɗan fadar Damagaram ranar hawan salla ya san cewa a gaban taro ake sanin gwanin ganga. Da ya rasu a 1939, Ella Fitzgerald ce ta gaji ƙungiyar.