Siffanta Mutum a Labaran Yara

A 1973 aka fara karantar da yara cikin Hausa a makarantar gwaji ta Damagaram, amma darasin siffanta mutum yakan tsaya ga lissafa tsawo, launin fata da tufafi. Wannan bai wadatar ba. Yaron Magariya ko Dungas tun a dandali ya san Gizo ta tsamin bakinsa da wayonsa. Haka kuma a Ruwan Bagaja (1934), makirci da ramuwar gayya ne suka fito da halin Malam Zurƙe. Saboda haka ya kamata masu tsara littattafai su sa yaro ya rubuta yadda dillali ke ciniki, ko yadda mai kitso ke zance, domin mai karatu ya gane mutum ta aikinsa da maganarsa.