Jibuti: Wayoyin intanet sun cika gaɓar teku, mutanen gari kuma fa?

In kana bibiyar rahotanni kan tattalin arzikin Afirka, tabbas ka taɓa jin ana kiran Jibuti "Singafo ta Afirka". Hujjar da ake kawowa ba ta wuce lissafi ba: tashoshin jiragen ruwa na Doraleh, layin dogo mai amfani da lantarki na sama da kilomita 750 zuwa Addis Ababa wanda ya fara aikin kasuwanci a 2018, sai kuma manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su SEACOM da EASSy da AAE-1 da ke sauka a gaɓarta. Duk gaskiya ne. Amma mu dai muna ganin wannan lissafin yana ɓoye tambayar da ta fi muhimmanci: don wa aka gina su?

Fara da wayoyin. A cikin kowace akwai zaren gilashi siriri kamar gashin kai, wanda ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske. Idan wayar ta fito daga ruwa, tana shiga wani gini a bakin teku, daga nan a tura saƙon gaba. Mafi yawan abin da ke ratsa Jibuti wucewa kawai yake yi, tsakanin Turai da Asiya ko zuwa Habasha. Abin da ke yanke kuɗin data a wayarka shi ne ɗan guntun da ya rage daga wancan gini zuwa hasumiyar unguwarku, da kuma ko akwai kamfanonin da ke gogayya a kai. A Jibuti kamfanin gwamnati, Djibouti Telecom, shi kaɗai ya daɗe yana riƙe da layukan wayar salula. To wa zai tilasta masa ya rage farashi? Ga kogi a ƙofar gida, amma ɗan garuwa ɗaya ne a gari.

Tashar ruwan ma haka take. Habasha ta rasa gaɓar teku bayan ɓallewar Eritrea a 1993, yaƙin 1998 kuma ya sa ta karkato da kayanta nan. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwancinta da ƙasashen waje ta Jibuti yake bi, kuma duk da jirgin ƙasan, yawancin kayan har yanzu tirela ce ke ɗauka. Abokin ciniki ɗaya tal ke nan. Shi ya sa yarjejeniyar da Habasha ta ƙulla da Somaliland a Janairun 2024 don neman hanyar teku ta tayar da hankali. Mutanen Nijar sun san irin wannan zama tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, sai dai su ta ɓangaren mai jiran kaya suka ɗanɗana.

Su kansu wayoyin ba su da tabbas. A Fabrairun 2024 an samu uku sun tsinke lokaci guda a Bahar Maliya, domin kusan dukkansu ta mashigar Bab al-Mandab mai ƙunci suke bi, inda ruwan ba shi da zurfi kuma jiragen ruwa ke kai-komo dare da rana.