Ma'aunin Torrance da Iyakarsa

A shekarar 1950, J. P. Guilford ya tsaya gaban ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ya koka cewa sun yi sakaci da nazarin basirar ƙirƙira. Cikin waɗanda suka amsa wannan kira babu wanda aikinsa ya bazu kamar na E. Paul Torrance (1915-2003). Ya soma bincikensa a Jami'ar Minnesota, sa'an nan ya koma Jami'ar Georgia a 1966, watau shekarar da ya fitar da jarrabawar nan da ake kira da sunansa.

Jarrabawar kashi biyu ce, ta kalmomi da ta zane. A ta kalmomi akan ce wa yaro ya lissafa duk abin da za a iya yi da gwangwani ko kwali. A ta zane kuwa akan ba shi da'irori ko layuka ya mai da su hotuna. Da farko abu huɗu ake aunawa: yawan amsoshi, bambancin irinsu, baƙuntarsu, da yadda aka ƙawata su. Alherin wannan aiki a fili yake. Ya nuna wa malamai cewa yaron da bai yi fice a jarrabawar kaifin ƙwaƙwalwa ba yana iya zama mai basira ta wata fuska, kuma basirar nan ana iya renonta. Ban da haka, Torrance ya yi haƙurin bin sawun ƴan makarantar da ya fara aunawa a Minneapolis a 1958 har suka manyanta. Rahoton cikar shekara 50 na wannan bibiya, wanda ya fito a 2010 bayan rasuwarsa, ya nuna makin yarinta yana da dangantaka matsakaiciya da abin da mutum ya ƙirƙira don kansa, amma bai hango wanda zai yi suna a idon jama'a ba.

Raunin ma'aunin yana ga abin da ake kira baƙuntar amsa. Ana ba amsa maki ne gwargwadon ƙarancinta cikin amsoshin yaran da aka fara gwadawa. Ke nan baƙunta ba halin amsar ba ce ita kaɗai, ta dogara ga jama'ar da aka kwatanta da ita. Yaron Maradi da ya ce gwangwani zai yi fitilar aci-bal-bal ko motar wasa ya faɗi abin da yake gani kullum, amma jadawalin Amurka yana iya ɗaukar amsarsa abin mamaki. Wanda kuma bai saba riƙe fensir ba zai faɗi a ɓangaren zane, ko da ya fi tsaransa iya tatsuniya da kacici-kacici. Haka nan idan an yi tambaya da Faransanci ga yaron da ke tunani da Hausa, yawan kalmominsa na boko aka auna.

Saboda haka fassara jarrabawar kaɗai ba ta wadatar ba. Masu tsara yaƙi da jahilci da ke son amfani da ita sai sun fara tattara amsoshin yaran ƙasa da harshensu, su kafa jadawalin da ya dace da su, su kuma karɓi amsa da baki. In ba haka ba, makin da zai fito zai fi bayyana nisan yaro da Minneapolis bisa ga basirarsa.